Daga Tulus Zuwa Bahar Rum a Kan Turbar Dawaki

Kanal du Midi hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu a kudancin Faransa. Ta taso daga birnin Tulus ta je ta faɗa tafkin Thau da ke bakin Bahar Rum, tsawonta kilomita 240. A gefenta akwai turbar da aka yi wa dawakin da ke jan jiragen ruwa da igiya a zamanin da babu inji. Dawakan sun daɗe da barin aiki, jiragen kaya ma sun daina bi tun wajen ƙarshen shekarun 1980, sai na masu yawon buɗe ido. Turbar dai tana nan, kuma ita muka bi a keke ni da ɗan yayata da ke karatu a Tulus.

Shi ya fara kawo tsari a wayarsa. Ya ce, "Kawu, kilomita tamanin a yini ba wani abu ba ne. Hanyar a shimfiɗe take, ba hawa ba gangara." Gaskiyarsa ce, ruwan kanal ba ya hawa dutse. Amma na ce masa kafin mu raba hanya da lissafi, mu duba yadda masu wurin suka raba ta. A da akwai jirgin fasinja da na wasiƙu da dawaki ke ja daga Tulus zuwa Agde cikin kwana huɗu, kuma yana da wuraren yada zango sanannu, kamar ayarin fatakenmu. Ana cin abincin rana a Négra a kwana a Castelnaudary, washegari a kwana a Trèbes, sannan Le Somail. Waɗannan wurare ba da ka aka zaɓe su ba. A kowanne akwai masauki da ruwa da inda dabba za ta huta, kuma har yau yawancinsu garuruwa ne da matafiyi zai sami gado da burodi. Su muka ɗauka ginshiƙin tsarinmu, inda zango ya yi mana nisa muka tsaga shi biyu. Ra'ayina ke nan har yanzu: turbar da aka yi don tafiyar doki, wanda ya bi ta da gaggawar mota ba abin da zai gani sai tayar gabansa.

Mun zaɓi tafiya daga yamma zuwa gabas saboda iska. Iskar arewa maso yamma da suke kira tramontane ita ta fi yawa a yankin, kuma gara tana bayanka tana tura ka da ka yi ta kokawa da ita. Kaya kuwa mun rage su iya ragewa, jaka biyu a gefen kariya, ba goyo a baya. Tiyub na ajiya, faci da gam, famfo, ɗan man sarƙa, gorunan ruwa, dardumar sallah mara nauyi. Taya mai faɗi ita ce gaba da komai. Siririyar tayar keken tsere ta kwalta ce, kuma kwaltar ba ta da yawa.

Fitar Tulus tana ruɗin mutum. Kimanin kilomita hamsin na farko turbar a gyare take sumul, inuwa ta rufe ta ruf, ga 'yan gudun motsa jiki ga iyaye da 'ya'yansu a ƙananan kekuna. Hawa kake yi ba ka sani ba, domin kowace ƙofar ruwa da ka wuce, wato ɗakin da ake cika wa ruwa ko a rage shi don ɗaga jirgi ko sauke shi, ta ɗaga ka 'yan mitoci, har ka iso Naurouze, inda kanal ɗin ya fi tsayi, mita 189 sama da teku.

A nan na fi daɗewa, kuma duk wanda zai yi tafiyar nan ina ba shi shawara ya ware wa wurin lokaci. Tunanin haɗa tekun Atilantika da Bahar Rum ta cikin Faransa, don jirage su huta da zagayen Sifaniya, tsohon tunani ne. Abin da ya gagari kowa shi ne ruwa. Duk lokacin da jirgi ya wuce ƙofa, ruwa mai yawa yana gangarawa ƙasa, ba ya dawowa. To wa zai riƙa cika ƙololuwar, a ƙasar da rani ke busar da rafuka? Wanda ya warware wannan ba injiniya ba ne, mai karɓar harajin gishiri ne ɗan garin Béziers, Pierre-Paul Riquet. Ya san tsaunin da ake kira Montagne Noire ciki da bai. Ya tattaro ƙoramun tsaunin, ya gina madatsar Saint-Ferréol kusa da Revel don ajiye ruwan damina, sannan ya jawo shi ta wata siririyar magudana har Naurouze. Kafin wannan aiki, a 1662 ya rubuta wa Colbert, ministan Sarki Luwi na 14, a 1666 sarki ya ba da izini.

Na tsaya a bakin magudanar ina kallo. Ba ta kai faɗin ƙaramin titi ba, ruwanta garai-garai, ana hango duwatsun ƙasa. Tana isowa sai ruwan ya rabu biyu, wani ya nufi yamma wajen Atilantika, wani gabas wajen Bahar Rum. Ɗan yayata ya jefa ganye don ya ga ina zai bi, ganyen ya ɗan yi juyi ya nufi gabas. Ni mutumin ƙasar da ruwan sama ke zuwa wata uku zuwa huɗu ya ɗauke ne, saboda haka dabarar tare ruwan damina a kai shi inda ake so da rani ta taɓa ni fiye da duk gine-ginen da muka gani daga baya. Mutum kusan 12,000 ne suka yi aikin a lokacin da ya fi zafi, cikinsu har da mata da yawa, da diga da shebur da kwando. Riquet ya zuba dukiyarsa har ya ci bashi mai nauyi, ya rasu a watan Oktoba na 1680, saura 'yan kilomita a gama. An buɗe kanal ɗin a watan Mayu na 1681.

Daga Naurouze labari ya canja. A lokacin da muka bi, kwalta ta ƙare, turbar ta koma ƙasa, wani wurin ta tsuke har keke biyu ba sa jerawa. Saiwoyin itatuwa sun ratsa ta ko'ina, kana tafe keke na tsalle, jakunkuna na bugun kariya. Inda aka yi ruwa kuwa laka ce mai danƙo da ke cika tsakanin taya da birki har keke ya ƙi motsi, sai ka sauka ka sa tsinke ka ƙwaƙule. Kilomita arba'in a nan sun fi tamanin na kwalta cin jiki. Da muka isa Castelnaudary, muka zauna a bakin babban tafkinta, ɗan yayata ya ce, "Kawu, ashe dawakan nan sun san abin da suke yi."

Abinci yana buƙatar shiri. Abin alfaharin Castelnaudary shi ne cassoulet, dafaffen wake da nama a kasko, amma yawanci da naman alade ake yin sa, saboda haka muka bar musu abinsu. A Tulus da Karkason da Béziers akwai mahautan halal, a ƙauyuka kuwa sai burodi da cuku da tumatir da kifin gwangwani. Shagunan ƙauye suna rufewa da tsakar rana, ranar Lahadi da yamma kuwa da wuya ka sami ko ɗaya a buɗe. Muka koyi yin sayayya da sassafe, mu cika goruna duk inda muka ga famfo, domin ruwan kanal kore ne, ba na sha ba. Sallah muna yin ƙasaru a gindin itace, ba wanda ya taɓa ce mana uffan.

Itatuwan su ne abin da ya fi sosa min rai. Hoton Kanal du Midi da duniya ta sani shi ne layi biyu na manyan itatuwan filatan, masu ɓawo dabbare-dabbare da ganye kamar tafin hannu, rassansu sun haɗe a saman ruwa. An ƙiyasta su 42,000. A 2006 aka gano wata cutar fumfuna a jikinsu kusa da Karkason, cutar da ake jin ta shigo Faransa ne a cikin akwatunan katako na sojojin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tana shiga ta rauni, ko igiyar jirgi da aka ɗaura a itace ko saiwar da jirgi ya goga, ruwa kuma ya kai ta gaba. Ba ta da magani. Itacen da ya kamu sai a sare shi a ƙone, kuma an riga an sare fiye da rabi. Hukumar hanyoyin ruwan Faransa, VNF, tana dasa wasu iri dabam-dabam a madadinsu don kada cuta ɗaya ta sake share su gaba ɗaya.

A keke ka fi jin wannan rashi. Kana cikin inuwa mai sanyi, sai kawai ka faɗo fili fetal, rana ta dake ka, ga 'yan dashe ba su fi kaurin sanda ba an tokare su da turaku. Na tsaya wajen wani na taɓa ganyensa. Wanda ya dasa shi ba zai zauna a inuwarsa ba, kuma na ji ƙaunar mutumin ko da ban san shi ba. Ga mai tsara tafiya, ma'anar wannan a fili take: taswira ba ta nuna inuwa. Watannin Yuli da Agusta zafinsu ba wasa, gara Mayu ko Yuni ko Satumba, a yi sammako, a huta da azahar.

Karkason mun ratsa ta a gurguje. Tsohon birnin mai ganuwa biyu da hasumiya 52 yana kan tudu, Musulmin Andalus sun taɓa karɓe shi a shekarar 725. Kanal ɗin asali ma bai bi ta garin ba, don mutanensa sun ƙi ba da nasu kason kuɗin, sai a 1810 aka karkato da shi. Le Somail kuwa ƙaramin wuri ne mai gadar dutse da ɗan coci da wani katafaren shagon tsofaffin littattafai, kuma tsohon masaukin fasinjojin jirgin yana nan tsaye.

Daga Argens zuwa Fonseranes akwai kilomita 54 ba ƙofar ruwa ko ɗaya. Kanal ɗin yana bin gefen tuddai yana lanƙwasa cikin gonakin inabi don ya riƙe tsayi ɗaya, har ka hango hasumiyar cocin Capestang a gabanka, can ka gan ta a dama, can kuma a bayanka. A Malpas ya huda tudu ya wuce ta ƙarƙashi. An haƙa wannan rami wajen 1679, kuma ana lissafa shi ramin kanal na farko a Turai. Mu ta bisa tudun muka tura kekunanmu.

Sai Fonseranes, a ƙofar Béziers, garin Riquet. Ɗakunan ruwa takwas ne a jere kamar matakala, waɗanda a da suke sauke jirgi mita 21 da rabi a cikin tsawon kimanin mita 300. Bangon kowane ɗaki a lanƙwashe yake, ba miƙaƙƙe ba, don ya jure matsin ƙasar da ke bayansa. Mun jingine kekuna muka kalli wani jirgin haya yana hawa. Ya shiga ɗaki aka rufe ƙofa a bayansa. Aka buɗe mashigar gaba, ruwa ya ɓarko fari fat da ƙara, jirgin ya hau rawa. Wata mata a bakin bango ta naɗe igiya a turke tana ja da dukkan ƙarfinta, mai kula da ƙofa yana ɗaga mata murya ta ƙara tamkewa. A hankali jirgin ya taso har mutanen cikinsa suka zo daidai da mu muka gaisa, ƙofar gaba ta buɗe, aka sake sabon lale. Gaba kaɗan kanal ɗin ya haye kogin Orb a kan gadar da aka buɗe a 1858, jirgi a sama kogi a ƙasa.

Bayan Béziers ƙasa ta kwanta, iska ta fara warin gishiri. A Agde akwai ƙofar ruwa mai siffar da'ira da mafita uku. Daga can turbar ta yi ta ƙanƙancewa cikin ciyayin fadama har zuwa fitilar jirage ta Onglous, inda ruwan kanal ke shiga tafkin Thau. Keke ba ya wuce nan. Muka juya ta Marseillan muka kama hanyar kekuna da ke bin rairayin bakin teku zuwa Sète, garin da aka kafa tasharsa a 1666 saboda wannan kanal.

Komawa Tulus a jirgin ƙasa muka yi, awa biyu da 'yan kai. Layin dogon yana bin kusan hanya ɗaya da kanal, wanda kuma ya sare da tafiyar zai iya kama shi a Castelnaudary ko Karkason ko Béziers ko Agde. Jiragen yankin suna ɗaukar keke, sai dai maratayar kekuna kaɗan ce a tarago kuma lokacin hutu tana cika da wuri, don haka tun kafin a bar gida ya kamata a bincika ƙa'idar jirgin da za a dawo a ciki.