Godiya bayan aikin ƙugun Yayanmu

Alhamdulillahi. An sallamo Yaya daga asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, yana gida a Agege, har ya fara takawa da sanda.

Da yawanku kun tambaya, wai ba an taɓa yi masa wannan aikin ba? An yi, shekarun baya, da sikila ta kashe masa kan ƙashin cinya aka sa masa gaɓar ƙarfe da roba. Ashe ita ma tana cinyewa. Duk taku ɗaya ƙwallon ƙarfen na gogar robar, garinta da ido ba ya gani yana zuba cikin naman da ke kewaye. Sojojin jiki su haɗiye shi, su kasa narkarwa, sai su yi ta sakin sinadaran oksijin masu ƙuna, irin waɗanda suke kashe ƙwayoyin cuta da su. To babu ƙwayar cuta a wurin, naman mutum ne ke shan wutar. Kumburi ya zauna, ƙwayoyin da ke rushe ƙashi su rinjayi masu gina shi, ƙashi ya zaizaye, ƙarfe ya soma girgiɗa kamar haƙorin da dasashi ya saki. Abin yakan daɗe yana ci ba ciwo, hoto ne ya tona na Yaya.

Godiyarmu ta farko ga likitocin da suka kankare wurin, suka cike ƙashin, suka sa sabuwar roba mai jure goga, irin wadda aka fara amfani da ita a ƙarshen shekarun 1990. Sai ma'aikatan jinya, da masu gashin ƙashi da suka jure gardamar Yaya, kun dai san halinsa.

'Yan uwa na kasuwar Mile 12, ba mu da bakin gode muku. Mai sikila ba a shiga da shi tiyata sai jini na ajiye, kuka bar buhunan albasa kuka zo kuka bayar, ga gudummawar kuɗi da ba mu roƙa ba. Jama'ar masallacinmu da suka dage da addu'a, da maƙwabciyarmu Bayarbiya da ta riƙe yara, Allah ya saka da alheri. Waɗanda suka kawo jiƙo da man shafawa suna cewa sanyi ne, mun san ƙauna ce, mun gode, amma ba sanyi ba ne.

Masu son zuwa dubiya, a bari sai bayan la'asar, da safe yana motsa ƙafa. Kuma don Allah kada a ce ya tanƙwashe a tabarma, likita ya hana tukuna.