Jitar Buzaye a shagon tura waƙoƙi

Yau Laraba, Kamba. Tun hantsi babu wuta, janareta ce ta riƙe ni har la'asar, ga ciniki ba yabo ba fallasa: cajin waya goma sha ɗaya, tura fim uku.

Wajen azahar tsohon Buzun nan mai gadin gidan man bakin tasha ya shigo da memori a ƙulle cikin bakin rawaninsa. Ya ce, "Ɗana, sa mini Mdou Moctar, amma na da." Na gane nufinsa, makaɗin jitar nan ne Buzu ɗan Nijar. Anar yake so, kundin farko, wanda aka ɗauka nan kusa da mu a Sakkwato a 2008, da muryar nan ta kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin ba a kanti suka yi suna ba, daga waya zuwa waya suka yi ta yawo ta Bluetooth har suka karaɗe Sahara. Wato irin sana'ata ce ta fara tallata shi, shi ya sa nake ɗan jin kaina idan ana zancensa.

Na ce, "Baba, tsaya ka ji sabon tukuna." Na sa Funeral for Justice na 2024 a babbar sifika. Kai! Ganga ta faɗo kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, jita na kuka kamar za ta tsage. Wani ɗan kabu-kabu da ke jiran caji ya toshe kunne, ya ce, "Wanga mi ne, injin markaɗe?" Aka kwashe da dariya.

Shi tsohon bai yi dariya ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ja rawani ya rufe hanci, yatsansa ɗaya na buga gwiwa. Can ya ce mini, ƙarar ce kawai ta Turawa, amma takun na gida ne, irin wanda ake cashewa a bikin aure a Agadas. Ya ce yaron na faɗa ne da Faransa, da shugabannin da suka bar talaka a rana. Ni ba na jin Buzanci, sai na bar shi yana fassara mini guntu-guntu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi sabon kundin. Su huɗu ne a ƙungiyar, uku 'yan Nijar, ɗaya Ba'amurke, Mikey Coltun, mai jitar bes, shi ne kuma ya haɗa sautin. Kwana biyar kacal suka yi suna ɗauka a wani gida a jihar Niyok. Bayan nan aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar suna Amurka, suka maƙale a can, ba hanyar komawa gida. Mu ma a lokacin iyaka ta rufe, Kamba ta yi tsit, ko albasa ba ta ƙetarewa cikin sauƙi.

Jaridun kiɗa na Turai da Amurka sun yi ta zuba masa yabo. A shagona kuwa, cikin mutum bakwai da suka ji, ɗaya ne ya ce a tura masa.

Tsohon ya karɓi memorinsa da duka biyun a ciki. Ya miƙo ɗari biyu, na ƙi karɓa, ya ce to gobe in zo shan shayi, amma in taho da sikari.