Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hoton Gida

A makon jiya na tsaya a inda Yaya ya samu gurbin karatu a Hartum ta ƙasar Sudan. Tafiyar ta kama bayan Babbar Sallah, wadda a shekarar 2006 ta faɗo a ƙarshen Disamba, ana tsakiyar hunturu. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya tara mu ya ce yana so a ɗauki hoton gida gaba ɗaya kafin Yaya ya tafi. Mai hoto na gaske zai kira daga Sabon Gari, mai situdiyo, ba samarin da ke yawo da kyamara a gidajen biki ba.

Hajiya, mahaifiyar Baba, ita ta fara tirjewa. "Ba da ni ba. Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da aka rataye hoto." Baba ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, ai da za ki Makka an ɗauke ki na fasfo. Wannan ma a albam zai zauna, ba za a kafa shi a bango ba." Ta amince, amma da sharaɗi biyu: da mayafinta za ta zauna, kuma kada wanda ya ce mata ta yi murmushi.

Sai maganar anko. Duk wanda ya san telolin Kano gab da Sallah ya san alkawarinsu, don haka tun da sauran wata guda aka shirya zuwa Kantin Kwari. Mata atamfa iri ɗaya, maza farar shadda. Goggo, ƙanwar Baba, ita ce mai lissafin yawan turmin da za a sayo, manya kowa turmi guda mai yadi shida, ƙananan yara biyu su raba ɗaya. Ina ɗakin girki ina tankaɗe na ji ta tsaya da ƙirga ta ce wa Baba, "Yaya, har da agola?"

Masu bin labarin nan sun san ina da shekara huɗu Umma ta shigo da ni gidan, bayan rasuwar mahaifina. Shekara goma sha ɗaya ina cin tuwon gidan, ina kiran mai gidan Baba, ban taɓa jin an jefe ni da kalmar nan ba sai ranar. Hannuna ya mutu a kan rariya. Na kasa fita, na kasa ci gaba da aikin. Can na ji muryar Baba, bai ɗaga ta ba: "Hoton 'ya'yana na ce. Ki ƙirga da ita." Bai ƙara ko kalma ba, Goggo ma ba ta sake tanka ba. Har gobe idan na tuna Baba a addu'a, wannan maganar ce ke fara zuwa mini.

Mai hoton ya zo duba gida kwana biyu kafin ranar, dattijo ne mai natsuwa. Ya ce bayan la'asar za a yi, domin ranar tsaka tana sa mutum ya runtse ido, tana kuma zuba inuwa a ƙarƙashinsa. Ya zaɓi bangon da ke fuskantar yamma. Ya ce a kwance igiyar shanya, a kawar da turmi da bokitai, fatun raguna kuma a kai su can bayan ɗakuna. Ya gargaɗi mata kan yawan hoda, ya ce basilin ɗin da muke laftawa saboda sanyi a rage shi a goshi, don yana ƙyalli a hoto. Yara kuma a ciyar da su, a bar su su yi barci, sannan a sa musu kaya a ƙarshe.

An tsayar da rana ta huɗu ga Sallah, bayan an gama Hawan Daushe da na Nassarawa, an kuma kammala suyar nama. Saboda aikin naman ne ma muka jinkirta lalle, muka ƙunsa daren jajibirin hoton don ya kama sosai. Mai kitso ta yini a tsakar gida. Shaddojin maza sun dawo daga wurin masu bugu suna sheƙi, Yaya ya hana kowa taɓa tasa.

Wurin jeri aka fi daɗewa. Hajiya a tsakiya kan kujera, Baba a gefenta, Mama uwargida a damansa, Umma ta ɓangaren hagu, ƙanana a kan darduma. Ni kuwa na lallaɓa can ƙarshen layin baya, inda rabin jikina zai iya fita daga hoton. Mai hoto ya ɗago daga kyamararsa ya tambaya, "Wace ce babba a 'yan matan?" Kafin Umma ta buɗe baki, Mama ta waiwayo ta ce, "Ga ta can tana ɓuya. Zo nan, 'yata, tsaya a bayana." Ta kamo hannuna ta ɗora a kafaɗarta, a haka aka ɗauka. Fim ne a lokacin, babu damar dubawa a goge, shi ya sa ya yi ta maimaitawa har auta ta fashe da kuka.

Bayan mako guda aka kawo hotunan a wanke. Baba ya sa an yi wa kowane ɗaki kwafi, Yaya ya saka nasa a cikin akwati ya tafi da shi Sudan. A can ne wani abokin karatunsa, ɗan Damagaram, ya ga hoton ya tambaye shi wace ce wannan da ke bayan Mama. Abin da ya biyo bayan tambayar nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.