Mako uku ina bin diddigin abin da ke damun wasana

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon harkar haɗa kwamfutar wasa. A rubutuna na baya na tsaya ne a inda na ɗauko kwamfutar daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja na haɗa ta a ɗakina a Agege, kuma na yi alkawarin dawowa da labarin yadda ta ɗauki wasa. Ta ɗauka, amma ba yadda na so ba, shi ya sa kuka ji ni shiru har mako uku.

Ga wanda bai ga wancan rubutun ba, kayan duka tokumbo ne, kamar yadda ake kiran kayan hannu a nan Legas: furosesa Core i5-6500 mai ƙwaya huɗu, katin hoto GTX 1060 mai gigabait 6, RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) gigabait 8 a sanda guda, faifan ajiya irin mai juyawa, da monita mai sabunta hoto sau 60 a sakan. Wasan da nake gwaji da shi GTA V ne, wanda ya fito a kwamfuta a 2015, katin kuwa na 2016 ne, wato ya zo bayan wasan, don haka babu dalilin da zai sa ya gaza. Amma sai ga wasan yana nauyi, yana tsayawa cak na ɗan lokaci idan ina gudu da mota, hoto yana rabewa biyu idan na juya kamara, wasu fararen ɗige-ɗige kuma suna ƙyalli a duk inda duhu yake. Ni a lokacin duk waɗannan ciwo ɗaya na ɗauke su, kuma na riga na yanke hukunci cewa an sayar mini da katin da aka gajiyar wurin haƙar kuɗin kirifto. Zargin yana da tushe, domin irin wannan katin ya yi farin jini a wurin masu haƙa, kuma tun da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina haƙa da katin hoto a watan Satumba na 2022 katuna masu yawa suka kwararo kasuwar kayan hannu.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke cewa a yi. Na sauke DDU, manhajar goge direban katin hoto (direba ita ce manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin), na shiga yanayin kariya na Windows, na goge direban katin gaba ɗaya na sa sabo. Ban ga canji ko na ƙwayar zarra ba, sai dai datar da na ƙona. Ba na cewa aikin banza ne, yana da amfani sosai ga wanda ya sauya kati daga wani kamfani zuwa wani, amma ni na sha magani ne tun kafin in san cutar.

A mako na biyu na sa MSI Afterburner, manhajar lura da katin hoto da saita shi, tare da RivaTuner, wadda ke rubuta alƙaluma a kusurwar allo ana cikin wasa. Na kunna abu shida: adadin firam (hotunan da katin ke zanawa) a sakan, tsawon lokacin da kowane firam ke ɗauka, zafin katin, saurin agogonsa, nauyin da ke kan kowace ƙwayar furosesa, da yawan RAM da ake ci. Na kuma ajiye littafi da biro a gefe, na zaɓi hanya ɗaya a cikin wasan da zan riƙa bi duk lokacin da na canja wani abu, domin idan yau ka gwada a tsakiyar birni gobe kuma a bayan gari, alƙaluman ba za su gaya maka komai ba.

Cikin rabin awa abu na farko ya fito fili. Wasan yakan fara lafiya lau a kan firam 60, zafin katin yana hawa a hankali, da ya kai digiri 83 sai ya tsaya a nan, saurin agogon kuma ya fara sauka, firam ɗin ya bi shi har ƙasa da 45. Digiri 83 ɗin nan ba haɗuwar sa'a ba ce. Ita ce iyakar da aka saita wa irin waɗannan katuna tun daga masana'anta, kuma da zarar katin ya taɓa ta sai ya rage wa kansa gudu don kada ya lalace. Ashe ba gajiya ya yi ba, numfashi ne ya gagare shi. Alamar da za ku riƙe a nan ita ce lokaci: wasan da ya fara da kyau sannan ya lalace bayan minti goma sha biyar ko ashirin, ku fara duba zafi kafin komai.

Na kashe kwamfutar, na zare wayar wuta, na ciro katin. Tsakanin fankar da ƙarafunan da ke zuƙe zafi na tarar da ƙura ta daskare kamar tabarma. Wanda ya taso a Arewa ya saba da ƙurar hunturu mai laushi da ake hurewa ta tashi, amma a nan danshin iska yakan kama ƙurar ya manna ta, sai da na sa burushin fenti mai taushi na kankare kafin bulowa ta yi wani tasiri. Idan za ku hura, ku danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Daga nan na kwance sukurorin baya huɗu, na ɗaga ƙarfen a hankali saboda kada in yaga 'yan faffaɗan robobin da ke kan ƙwayoyin ajiyar katin, na ga man da ke tsakanin babbar ƙwayar katin da ƙarfen ya bushe ya tsattsage kamar laka a rani. Na goge shi da sifirit, na shafa sabo siriri ya rufe fuskar ƙwayar duka, na mayar da sukurori ina ɗaure su a giciye kaɗan-kaɗan don matsin ya daidaita. Hannuna na rawa duk tsawon aikin, domin wannan ne karo na farko da na buɗe kati, kuma ba ni da kuɗin sayen wani.

Akwai kuma laifina na kaina. Akwatin kwamfutar yana ƙasa ne a ƙarƙashin tebur, bayansa manne da bango, iskar zafin da yake fitarwa ita yake sake shaƙa. Na ɗora shi a kan tebur, na ba shi tazara, na kuma gyara saitin fanka a Afterburner ta fara gudu da wuri. Ƙara ta ɗan ƙaru, amma a unguwar da janareta ke kwana yana kuka babu wanda zai lura. Yanzu katin yana zama tsakanin digiri 70 da 74 ko bayan awa biyu. Kada wannan adadin ya tayar muku da hankali idan kun ga masu gwajin kaya a Turai suna nuna ƙasa da haka, domin su a ɗaki mai sanyi suke aunawa, mu kuwa da rana ɗakinmu yakan haura digiri 30, kuma kusan duk digirin da ɗaki ya ƙara, katin ma zai ƙara shi.

Firam ya daidaita, amma tsayawar nan ta cak ba ta tafi ba, kuma a nan ne na gane amfanin auna lokacin kowane firam. Firam 60 a sakan yana nufin kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7, firam 30 kuma 33.3. Alƙalamin FPS, wato adadin firam a sakan, matsakaici ne kawai, yana iya nuna maka 57 alhali a cikin wannan sakan ɗin akwai hoto ɗaya da ya ɗauki milisakan 200, kuma wannan guda ɗayan shi ne idonka ke gani, shi ne kuma ke sa ka daki bango da mota. Layin da RivaTuner ke zanawa ya kamata ya kwanta a miƙe, nawa kuwa yana ta tsalle duk lokacin da na ƙure gudu a babbar hanya, wani lokaci ma titi ya ɓace motar ta zama kamar tana tafiya a kan iska kafin kwalta ta dawo. Na buɗe Task Manager na ga faifan ajiya yana kan kashi ɗari bisa ɗari, RAM kuma ta kusa cika. Abin da ke faruwa shi ne, wasan yana ɗebo unguwannin da ke gabana daga faifai a daidai lokacin da nake tunkararsu, Windows kuma tana zuba abin da ya yi wa RAM yawa a kan wannan faifan dai, ga shi faifai mai juyawa sai allurarsa ta yi tafiya kafin ta karanta kowane guntu. Aiki biyu kan jaki ɗaya ke nan. Na sayi SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, irin ta SATA, wadda ke karanta kusan megabait 500 a sakan kuma ba ta da allurar da za ta jira, na mayar da Windows da wasan kanta. Steam, manhajar da na sauke wasan ta cikinta, tana bari a matsar da wasa zuwa wani faifai ba tare da an sake sauke shi ba, abin da ya cece ni daga sayen data mai yawan gaske. Titi bai sake ɓacewa ba.

Wani bene guda ɗaya a cikin wasan kullum fuskarsa baƙa ce ƙirin, a wuri ɗaya, ko da wane saiti na sa. Abin da ke maimaita kansa a wuri ɗaya haka yawanci daga fayil yake, kuma na tuna an taɓa ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta wasan. Na sa Steam ta tantance fayilolin, ta sake sauke 'yan kaɗan da suka lalace, benen ya dawo daidai.

Rabewar hoto kuwa ba lalacewa ba ce sam. Monita tana zana hoto daga sama zuwa ƙasa, idan katin ya miƙo sabo tana tsakiyar zanawa sai rabin sama ya zama tsohon hoto, rabin ƙasa sabo. V-Sync, saitin da ke sa katin ya jira monita ta gama zanawa, tana hana wannan, sai dai tana ƙara ɗan jinkiri tsakanin hannu da allo, kuma idan firam ya gaza 60 tana iya jefa shi 30 kai tsaye. Na zaɓi nau'inta mai kunna kanta a 60 ta kuma saki idan an sauka ƙasa, wanda ke cikin saitin direban NVIDIA, kamfanin da ya ƙera ƙwayar katin. Masu monita mai FreeSync ko G-Sync, wadda ke daidaita saurinta da na katin, sun huta da wannan lissafin.

Saura fararen ɗige-ɗigen, waɗanda su ne suka fi ba ni tsoro, domin ɗigo da layuka masu launi suna cikin alamomin katin da ƙwaƙwalwar ajiyarsa ta fara mutuwa. Na riga na sa ranar da zan hau danfo in koma Ikeja in yi rigima. Daren da ya rage na so in tara hujja, sai na ɗauki hoton allo daga cikin kwamfutar a daidai lokacin da ɗigon ke ƙyalli, na tura shi wayata na buɗe. Babu ɗigo ko ɗaya. Na ɗauki monitar da kamarar waya, ga su nan birjik. Na jima ina kallon hotunan biyu kafin abin ya faɗo mini: hoton allo ana kwafo shi ne daga cikin ƙwaƙwalwar katin kafin ya bi waya ya fita, don haka idan ya fito tas, katin ya zana aikinsa daidai, ɓarnar tana faruwa ne a hanya, ko a wayar HDMI, ko a bakin da ake soka ta, ko a monitar kanta. Na ari wayar da ke bayan dikodar maƙwabcina na gwada, ɗigon ya ɓace. Tawa siririya ce da aka ba ni kyauta a kan ciniki, kuma na lanƙwasa ta sosai lokacin da akwatin ke manne da bango. Da na je Ikeja da na ɗauki alhakin bawan Allah a banza, dama an ce zato zunubi. Wanda nasa ɗigon ya fito a cikin hoton allo, shi ne ke da dalilin zargin kati, kuma gwajin da zai yi shi ne ya rage saurin ƙwaƙwalwar katin da megahas 200 ko 300 a Afterburner ya ga ko za su ragu.

A saitin wasan ban taɓa abu da yawa ba. Cikin saitin da ke gyara kaifin gefen abubuwa a hoto na kashe MSAA na bar FXAA, na sauke ingancin ciyawa daga matakin ƙoli, domin MSAA da ciyawar suna cin ƙarfin kati fiye da kyan da suke ƙarawa, a ganina dai, musamman a monita ƙarama irin tawa. Ingancin fatar gine-gine da motoci na bar shi a sama, tunda ma'aunin da wasan ke nunawa a shafin saiti bai kai ko kusa da gigabait 6 ba.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne tsakiyar birni, inda motoci da mutane suka yi yawa firam yakan sauka wajen 50. A can katin yana aiki da kusan kashi 70 ne kawai, ƙwayoyin furosesa huɗun kuwa duk sun ƙure. Don in tabbatar, na sauke girman hoto daga 1920 da 1080, wato ɗigo 2,073,600, zuwa 1280 da 720, wato 921,600, ƙasa da rabin aikin ke nan ga katin, amma firam bai motsa ba. Katin yana zaune ne yana jiran furosesa. Na rage yawan jama'a da motoci a saiti, abin ya ɗan yi sauƙi. Mataki na gaba shi ne in samo sandar RAM ta biyu mai girma da sauri irin na wadda nake da ita, domin sanda ɗaya hanya ɗaya take buɗe wa furosesa, biyu kuwa suna ninka faɗin hanyar. Idan hakan bai wadatar ba zan duba farashin Core i7-6700, wanda ke zama a gurbi ɗaya da nawa kuma yana tafiyar da zare, wato layin aiki, takwas maimakon huɗu. Duk wanda ke da Core i5-6500 da sanda biyu a cikinku, don Allah ya auna firam ɗinsa a tsakiyar birnin ya turo mini kafin Asabar mai zuwa, ranar da nake son shiga kasuwa in Allah ya yarda.