Masu tambayata labarin bakin ruwan Landan, ga amsarku

Assalamu alaikum mutanen gida. Ya iyali, ya zafi, ya haƙuri da rashinmu, Allah Ya sa kowa na lafiya. Gaisuwa ta tsaya a nan don in na ce zan bi kowa da suna sai gobe ban gama ba.

Tun ranar da na yi gangancin ɗora hoton nan da na ɗauka a bakin ruwa, dogayen benayen gilashi a bayana, ban huta ba. Wannan ya ce Alhaji ashe an faso gari ba labari, wancan ya ce a turo na cefane, ƙanwata kuwa cewa ta yi Yaya ka faɗa min gaskiya ko banki kake aiki yanzu. To ba banki nake aiki ba, gadin dare nake yi a gindin ɗaya daga cikin benayen, kwana kuma a tsallaken ruwa nake yi, wata unguwa Rotherhithe, ɗaki ɗaya tal. Na yi alkawarin ba ku labarin kuɗin haya da azumin nan da maganar biza da kuke ta damuna da ita, za mu zo kansu in sha Allahu, amma bari in fara da ruwan tunda shi ya jawo min.

Kogin Thames ba irin namu ba ne da damina ke cikawa rani ya janye. Wannan sau biyu yake cika ya janye a kwana ɗaya saboda teku ce ke turo shi, kuma tsakanin cika da janyewa akan samu kusan mita 7. Farkon zuwana na wuce da safe ruwa har wuyan katanga, na dawo bayan azahar na tarar da taɓo da duwatsu da wasu tsofaffin turakun katako baƙi ƙirin sun fito cako-cako kamar haƙoran tsohuwa, wallahi na zaci wani abu ne ya fashe ruwan ya tsiyaye.

Akwai tsofaffin matakala na dutse da ake sauka, sai wata rana na sauka, ina tafe ina kallon ƙasa na hango wani farin abu kamar guntun alli mai huda a tsakiya, na ɗauka ina jujjuyawa, ashe wutsiyar lofe ce ta yumɓu, irin wadda ma'aikatan bakin ruwa suke shan taba da ita su yar, suna nan birjik. Ban ankara ba wata dattijuwa da takalmin roba har gwiwa da ɗan bokiti ta matso, cikin ladabin nan nasu mai ciwo ta ce ina da takardar izini? Na ce izinin me Hajiya, shara ce fa. Ashe wai a garin nan in dai da niyyar nema ka sauka, ko dutse ka juya sai da izinin hukumar da ke kula da kogin. Na ce to bari in yi abin da doka ta ce, na shiga intanet, a cike fom, a buɗe akawun, a sa hoto, a karanta dokoki shafi kan shafi, ga inda aka yarda ka taɓa ga inda ko kallon kirki ba ka isa ba, ga iya zurfin da za ka ƙwaƙula, in ka tsinci abin da ya haura shekara 300 dole ka kai rahoto a rubuta, bayan duk wannan wahalar sai aka ce min ai layi ake bi, in jira. Ina nan ina jira. Ni da na yi watanni ina fama da takardun shigowa ƙasar, yanzu kuma takardar tsintar bola ta gagare ni. Abin dariyar shi ne a da can wannan aikin yaran talakawa ne da tsofaffin mata, su shiga taɓon nan ba takalmi cikin hunturu suna tsintar gawayi da ƙusa da guntun igiya da ƙashi su sayar su ci abinci, 'yan jari bola dai sak. Yau ya zama abin nishaɗin masu hali, har da lasisi.

Wanda ya buɗe min ido a kan unguwar wani tsoho ne maƙwabcina, Bature, ya haura tamanin, a nan aka haife shi, ubansa ɗan dako ne na katako. Shi ya sa ni na fara lura da sunayen da nake wucewa kullum ban taɓa tambaya ba. Tashar jirgin ƙasa da nake hawa sunanta Canada Water, akwai Greenland Dock, akwai Russia Dock, duk tsofaffin tashoshin jiragen ruwa ne masu sunayen inda jiragen suke fitowa, yawanci da katako. Kusan duk unguwar tafkuna ne da aka haƙa da hannu jirage na shiga, katako jibge kamar dalar gyaɗa, 'yan dako na ɗora dogayen falanki a kafaɗa suna gudu da su a kan siririn katako ɗaya. A daren 7 ga Satumba 1940 jiragen Jamus suka yi wa wajen ruwan bam, katakon ya kama, ya ce uwarsa har ta mutu ba ta daina ba da labarin wutar ba. An rufe tashar jiragen ruwan a 1970, aka cike yawancin tafkunan, Russia Dock ɗin nan yanzu ɗan kurmi ne, mutane na yawo da karnuka, sai dai in ka lura a gefen hanya za ka ga ƙarafan ɗaure jirgi suna nan a tsakiyar ciyawa.

Yadda ake ɗaukar aiki kuwa, kun san leburorin da ke zama bakin titi da sassafe da shebur da diga, in mota ta tsaya a yi caa a kanta? To haka fa. Dubban maza a bakin ƙofa tun duku-duku, heluma ya fito ya nuna wanda ya ga dama, ana ture-ture ana hawa kan juna, wanda aka ɗauka ma wataƙila aikin awa biyu ne a sallame shi. A 1889 suka yi yajin aiki na sati biyar, Ben Tillett na cikin jagororin, kuma kun san me suke nema? Sisi. A ɗaga musu daga kwabo biyar zuwa sisi a awa, sisin nan dai da kakanninmu suka kashe har muke cewa ba ni da ko sisi. Yunwa ta kusa karya su sai ga gudummawa daga Ostireliya wajen fam dubu 30, suka samu sisinsu.

Shi kansa wajen da na ɗauki hoton, Canary Wharf, kafin 1802 fadama ce, ana kiwon shanu, sunan yankin ma Tsibirin Karnuka in aka fassara. A shekarar aka buɗe tashar jiragen ruwa ta West India don sukari da ake kawowa daga gonakin da bayi baƙar fata ke nomawa a Karibiyan, aka zagaye ta da doguwar katanga saboda sata. Gunkin ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Robert Milligan, mai bayi ne, yana tsaye a wajen har 2020 da aka sauke shi. Sunan Canary kuma daga baya ya zo, daga tumatir da ayaba da ake saukewa daga tsibiran Canary. Can kusa da gadar Tower kuwa da za a haƙa tashar St Katharine wadda aka buɗe 1828, gidaje wajen 1,250 aka rushe, mutum sama da dubu 11 suka tashi, masu gidajen aka biya, 'yan haya ko oho. Wannan dai ba sai na yi muku bayani ba.

Amma inda ya fi tsaya min a rai Bermondsey ne, nan gaba da mu kaɗan. Ina tafe ranar hutu na ga allon titi Tanner Street, wato layin majema, gaba kaɗan Leathermarket Street, kasuwar fata, sai kuma Morocco Street. Nan na tsaya cak. Ashe unguwar nan ita ce Majemar Landan, an tura su tsallaken kogi ne saboda ɗoyi, ga ƙoramu da suke samun ruwa, ramukan jima ko'ina, kuma maimakon bagaruwarmu su ɓawon itacen oak suke jima da shi, don laushin fata kuwa kashin kare suke sawa, har akwai masu sana'ar bin titi da bokiti suna tsintar kashin kare su sayar wa majema. Ita kuma fatar da Turawa suke kira ta Maroko, mai laushin nan da suke yi wa littattafai bango, da yawa daga cikinta fatar jan akuyar Sakkwato ce da ake jemewa a ƙasar Hausa, ayari ya ƙetara Sahara da ita, su kuma suka laƙaba mata sunan inda suka saya. Kawuna bajeme ne, Allah Ya jiƙansa, har ya rasu hannunsa bai daina wannan launin ba, muna yara mukan toshe hanci in ya shigo ya bi mu da dariya yana cewa warin nan ne ke ciyar da ku. Na tsaya a layin nan ina shaƙar iska ko zan ji wani abu, ba komai sai ƙamshin kofi, kofin da kuɗin guda ɗaya zai yi cefanen gidanmu na yini.

Ɗoyin ba na majema kaɗai ba ne, kogin kansa masai ne na gari guda. A bazarar 1858 wari ya kai 'yan majalisa na gudu daga ɗakunansu, sannan fa aka saki kuɗi injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanai, kun ga sai da ya taɓa hancin manya. Duk da haka a 1957 cewa aka yi kogin ya mutu, yanzu dai kifi ya dawo.

Abin da ya kashe tashoshin kwantena ce. Manyan jirage ba sa iya hawowa nan, akwatin ƙarfe kuma ba ya buƙatar kafaɗar kowa, aiki ya koma Tilbury can wajen bakin teku, daga 1967 zuwa 1981 duk aka rufe su ɗaya bayan ɗaya. Sai gwamnati ta shigo da masu kuɗi, 1987 aka kawo jirgin ƙasan nan maras direba, 1991 aka gama benen nan mai tsini mai mita 235 da kuka gani a bayana. Sito-sito na shayi da kayan yaji suka zama gidajen da ko a mafarki ban isa ba. 'Ya'yan tsohon nan duk sun bar unguwar, haya ta fi ƙarfinsu, shi kaɗai ya rage, in ya ce min nan kaza yake a da sai ya nuna bangon gilashi.

Shi ya sa nake ta tunanin Jakara, da kududdufan cikin gari da ake ta cikewa ana ɗora shaguna, da filin dalar gyaɗa da yaran yanzu sai dai a hoto. Su nan duk rusau ɗin da suka yi sun bar sunan layi, sun bar injin ɗaga kaya guda biyu-uku a tsaye, sun liƙa ɗan allo. Don Allah Yaya Babba in ka je gaida Baba ka kunna waya ka ajiye kusa da shi ka ja shi da hira, ya faɗi inda kowace ƙorama ta bi da sunan kowane kududdufi da wa ke wanki a ina, kada ka ce masa ana ɗauka don zai fara gyara murya. Wani kuma ya shiga Majema ya ɗauko min hoton ramukan da masu aikin, ina so in nuna wa tsohon nan, na ba shi labari yana ganin kamar ƙari nake.

Azumi dai in ya faɗo bazara dogo ne, haya kuma kada ku so ku ji, biza sai wani jiƙon. Sanyi ya fara, iskar bakin ruwan nan har cikin ƙashi take shiga, wanda zai taho ya riƙo min yajin ƙuli da man zafi. Na duba jadawali gobe ruwa zai janye wajen ƙarfe goma na safe, daidai na taso aiki, zan sauka in ɗan zaga, hannu a aljihu tunda takarda ba ta fito ba.