Ashe ba batir ba ne

Yau ma da asuba motata ta ƙi tashi, sai da yaran unguwa suka tura ni har garejin wani mai lantarkin mota a hanyar Dan Issa. Na ce masa sabon batir nake so. Ya ce, "Alhaji, dakata tukuna." Ya ɗora na'urar awo da inji a kunne, ta nuna volt 14, wato caji lafiya lau. Ya kashe motar, ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya yana duban na'urar, bai ce uffan ba. A na bakwai na'urar ta nuna wutar da ke fita daga batirin ta faɗi. Ashe ɗan ƙwan fitilar but (wurin ajiye kaya a bayan mota) ne ke kwana a kunne yana shanye batirin.

Jika biyu kawai ya karɓa. Ni ko tsohon batirina da na sayar bara nake ta tunawa, wataƙila shi ma lafiyarsa ƙalau.