Duron dutse ya yi gashi

Talata, bayan isha'i.

Na yi wa Auta tsawa da safe, kuma har yanzu abin yana tsaye min a wuya.

Tun zuwan Baffa umara ban leƙa da tocila cikin duron da nake jiƙa duwatsun da zan sa a tankin kifin ruwan gishiri ba, kwana tara ke nan. Ruwa kawai nake ƙarawa in wuce. Yau bayan asuba na ɗaga murfi sosai, sai ga abin da na yi mako biyar ina gudu: gansakuka, koriya shar, silili-silili kamar gemun masara, ta kama duwatsun sama guda uku tana rausaya duk inda famfo ya tura ruwa. Ƙurar nan mai ruwan ƙasa da ta fito a mako na biyu ba ta dame ni ba, ita ma wata irin gansakuka ce mai cin silika, sinadarin da ke cikin yashi, da ya ƙare ta ɓace da kanta. Wannan mai gashin kuwa, in ta bi dutse ta shiga tanki, murjani, halittar teku da ke girma a jikin dutse, ba zai ga wurin zama ba, lulluɓe shi za ta yi.

Murfin kuma a karkace na same shi. Nan take na yanke hukunci.

"Wa ya buɗe min duro?"

Yana tsaye da kayan makaranta, biredi a hannu. "Abba, leƙawa kawai na yi, in ga ko kifin ya fito."

Ashe duk zatonsa daga cikin dutse kifin zai ƙyanƙyashe. Da wata rana ce da na yi dariya. Yau na ce masa haske ne abincin gansakuka, ya ɓata min aikin wata guda da kuɗin gishiri, kar in sake ganin ƙafarsa a sito. Ya ajiye biredin ya fita, ko shayi bai ƙarasa ba.

Baffa yana falo da carbi, ya ji komai. Bai tanka ba sai da na dawo aiki, ya tarar da ni tsugune a banɗaki da tsohon buroshin haƙori da bokiti biyu na ruwan gishiri, ina dirzar dutse a ɗaya ina ɗauraye shi a ɗayan.

"Ɗan nan, wai dutse kake yi wa wanka?"

Na ce Baffa jiƙa shi nake yi. A hannun wani da ya rushe tankinsa na saya, kilo 30, ya yi watanni a bushe. Duk abin da ya mutu a ramukansa sai ya ruɓe ya fita, sannan ƙwayoyin bakteriya su zauna a ciki, su riƙa mayar da amoniya, gubar da ruɓa ke fitarwa, naitirait, naitirait kuma naitiret mai sauƙin illa. Kafin hakan, kowane kifi na saka gubar ruwan za ta kashe shi.

Ya karɓi ɗaya ya jujjuya, ya ce ai irinsa ne muka gani jiya a Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Gaskiyarsa. Tsofaffin gidajen Jidda, irin su gidan Nasif da muka tsaya a gabansa, da dutsen murjani aka gina su, ana jera katako tsakanin sahu-sahu. "Mutane sun ta da bene hawa huɗu da shi, sun haifi 'ya'ya da jikoki a ciki, kai ka sa shi a duro kana gadi. Ga Bahar Maliya a bakin ƙofarka."

Na fara yi masa bayanin cewa ruwan Bahar Maliya ya fi na tankina gishiri, wajen kashi 40 cikin 1000, ni kuwa 35 nake haɗawa. Ya ɗaga min hannu, wato ya isa.

"Kawo babbar tukunya. A tafasa shi, duk ciyawar ta mutu, kowa ya huta."

Nan ne na miƙe tsaye. Na ce Baffa ku yi haƙuri, wannan ne kaɗai ba za a yi ba. Akwai wani irin murjani mai laushi, kamar ƙananan furanni a jikin dutse, da ke ɗauke da dafi mai suna palitoksin. Ban san abin da mai tankin ya taɓa kiwo a kan duwatsun nan ba. In aka tafasa, dafin tururi yake bi, an sha kwasar mutanen gida ɗungurungum zuwa asibiti a kan haka. Shi ya sa ko dirzar ma da safar hannu da tabarau nake yi.

Ya ajiye dutsen a hankali, ya je ya wanke hannu da sabulu har sau biyu. Daga bakin famfo ya ce, "To abin da ke iya kwantar da gida guda, shi ka ajiye inda yaro zai kai hannu, sannan laifin na yaron ne?"

Ban ce komai ba.

Bayan la'asar na auna fosfet, takin da gansakuka ke ci. 0.38. Ni da nake neman ƙasa da 0.1 kafin dutse ya shiga tanki. Kuma wannan ragowar da gansakukar ta bari ce, abin da ta riga ta haɗiye ba ya fitowa a awo. Ruwan da nake haɗa gishiri da shi tatacce ne, na'urar auna dattin ruwa sifili take nunawa, don haka ba daga nan ba ne. Dutsen ne da kansa. Shekaru ya yi a tankin wani yana tsotsar fosfet daga abincin kifi da kashinsu, yanzu da ya samu ruwa mai tsabta yake amayarwa kaɗan-kaɗan. Ka canza ruwa awo ya faɗi, bayan kwana uku ya sake hawa.

Amma taki kaɗai ba ya fid da tsiro a duhu. Ina ta nanata wa kaina cewa murfin ne, sai Maman Ummi ta leƙo da tiren shinkafa a hannu.

"Abban Ummi, kalli duronka mana."

Ranar yamma ta shigo ta tagar sito ta sauka a jikin duron, shi kuma farar roba ce. Na rufe murfi ruf, na bar 'yar kafa na sa ido. Ciki fayau, kamar an kunna fitila. Kuma gansakukar duk a ɓangaren taga take. Mako biyar, kullum da yamma, ina ofis.

Ta ce tun ranar da na kawo shi ta so ta yi magana, ta ga ni ne masani. Ta tafi da tirenta.

Sauran aikin bai ɗau lokaci ba. Ruwa duka na zubar, na haɗa sabo, gishiri yadda na saba, zafi digiri 26. Duron na naɗe da baƙaƙen ledar shara biyu da tsohon bargo. Kwali a taga. Jan garin ƙarfen nan mai kama fosfet na ƙulle a 'yar jaka na rataye gaban famfo. Tunanin jiƙa komai a ruwan bilic na Clorox in fara daga farko ya zo min, na kore shi, bakteriyar mako biyar ba zan kashe ba a kan dutse uku.

Tuwon dare ya yi daɗi, miyar kukar da Baffa ya zo da ita ce. Auta a gefen Baffa ya zauna, bai dube ni ba sau ɗaya. Na so in kira shi bayan mun ci, na tsaya amsa waya, kafin in gama ya yi barci a kan kujera, aka ɗauke shi.

Na je na leƙa ɗakinsu. Littafin zanensa yana ƙasa a buɗe: duro, da wani kifi ruwan lemo mai fararen zobba uku yana leƙowa daga ramin dutse.

Jumma'a zan sake awo. Na ɗora masa ƙaramar tocilar a kan jakar makaranta.